Nazarin lamari: jaririn da aka yi mako bakwai ana yi wa maganin ciwon ciki, ashe farfaɗiya ce

Yaro ne ɗan wata bakwai, nauyinsa kilo 7, iyayensa mazauna cikin birnin Zariya. Takardar da aka turo shi da ita daga asibitin sha-ka-tafi na unguwarsu layi biyu ce kacal: yana zabura a jere idan ya farka daga barci, kuma ya daina murmushi. Wannan lamari misali ne na koyarwa, an tsara shi bisa yadda ciwon ya saba zuwa gaban likitocin yara a wannan yanki, domin a bi shi daki-daki a ga inda bincike yake tsayawa da inda yake tafiya.

Abin da uwa ta gani

Abin ya fara yaron yana da wata biyar da 'yan kwanaki. Uwar ta ce: "Likita, sai ya haɗe jikinsa kamar an watsa masa ruwan sanyi, kansa ya faɗo gaba, hannuwa su ware, gwiwoyi su hau ciki, sai ya saki. Kafin in gyara masa kwanciya ya sake." Kowace zabura ba ta wuce sakan ɗaya zuwa biyu. Tsakanin ɗaya da mai bi mata sakan biyar ne zuwa goma sha biyar, kuma sukan kai ashirin ko talatin a zama guda. Da farko sau ɗaya ne a rana, da safe. Zuwa mako na shida sun kai zama biyar ko shida, kusan duka bayan farkawa daga barci, kuma yana kuka bayan kowane zama.

Tambayar da ta fi buɗe lamarin ita ce ta girman yaron. Yana wata huɗu yana riƙe wuyansa, yana murmushi idan an yi masa wasa, yana ƙoƙarin kai hannu ga abu. A wata na bakwai wuyan ya koma lanƙwasa, murmushin ya ɗauke, ba ya bin fuskar uwarsa da ido. Yaron da bai kai ga wani mataki ba daban yake da yaron da ya kai ya dawo baya. Komawa baya a jariri alamar gaggawa ce a kowane hali.

Tarihin haihuwa ma sai da aka tono shi, domin ba wanda ya ɗauka yana da alaƙa. A gida aka haife shi cikin hunturu, ɗan ƙarami, aka yi masa wanka nan take. An matse dakashi an zubar, ana ba shi ruwa a cokali kafin nono ya kawo. A rana ta uku ya yi laƙwas, ya ƙi kama nono, jikinsa ya riƙa rawa, sannan ya yi jijjiga. A asibiti nauyinsa ya nuna kilo 2.1, sukarin jininsa 1.1 a ma'aunin milimol cikin lita, alhali jaririn da nasa ya sauka ƙasa da 2.6 ana ɗaukar mataki a kansa. An ƙara masa ruwa mai sukari, ya kwana shida, aka sallame su ba tare da ranar dawowa ba.

Inda mako bakwai suka tafi

Kakar yaron ta ce murɗar ciki ce, maƙwabta suka ce haƙori ne. Babu abin mamaki a nan, domin yaro yana naɗe ƙafafu yana kuka. An sayo ruwan maganin ciki na jarirai da na haƙori a kemis. A mako na uku aka karɓo rubutu da tofi. A na huɗu aka je wani ƙaramin asibiti, aka yi gwajin zazzaɓin cizon sauro bai nuna komai ba, duk da haka aka ba da maganinsa, aka ce a riƙa sa yaron gyatsa bayan shan nono. A mako na biyar wani ma'aikacin lafiya ya yi zargin farfaɗiya, ya rubuta phenobarbitone da ruwan carbamazepine, ya tura su wata cibiyar kuɗi a yi awon lantarkin ƙwaƙwalwa, wato EEG. Sakamakon ya dawo da cewa motsin yaro ya yi yawa, ba a ga farfaɗiya a fili ba. Wannan takarda ta fi duk sauran abubuwan ɓata lokaci, saboda ta sa iyayen sun yarda cewa na'ura ta wanke ƙwaƙwalwar ɗansu.

Magungunan biyu ma ba na wannan ciwo ba ne. Phenobarbitone ba ya tsayar da irin wannan zabura, sai dai ya ƙara wa yaro barci da kasala har a kasa gane ko ciwon ne ke ci gaba ko maganin ne. Carbamazepine kuwa yana iya ƙara ta.

Sunan ciwon farfaɗiyar zabura ta jarirai, likitoci sun daɗe suna kiransa ciwon West, da sunan likitan Ingila William West wanda ya bayyana shi a 1841 bayan ya gan shi a jikin ɗansa. Yana kama kusan jariri uku cikin kowane 10,000 da aka haifa, tsakanin wata ɗaya zuwa wata 24, ya fi yawa daga wata uku zuwa goma sha biyu. Illar ba a cikin zaburar take kaɗai ba. Tsakanin zabura da zabura lantarkin ƙwaƙwalwar a hargitse yake dare da rana, a daidai watannin da jariri ke koyon gani da zama da gane mutane. Binciken da aka yi a Birtaniya kan yaran da suka sha magani ya nuna cewa gwargwadon jinkirin fara magani, gwargwadon raunin basirar yaro daga baya. Shi ya sa ake ƙirga lokacin wannan ciwo da kwanaki.

Bidiyon waya

A mako na bakwai uwar ta kai shi awon nauyi. Ma'aikaciyar lafiyar da ke wurin ta taɓa samun horo kan farfaɗiyar yara, don haka da ta ji "a jere" da "idan ya farka" sai ta ce wa uwar ta ɗauko abin a waya ta dawo washegari. Ta kuma faɗa mata yadda za ta ɗauka, wanda shi ne abin da ake yawan mantawa. A tanadi wayar tun yaro yana barci, tunda an san lokacin da abin ke zuwa. A cire masa zani da riga mai kauri, a kwantar da shi a shimfiɗa inda haske yake. A ɗauki dukkan jiki daga kai zuwa ƙafa, fuska tana fitowa, kada a matsa kan ido kawai. Kada a riƙe masa hannu. A bar bidiyon ya yi minti biyu zuwa uku ko da ya lafa, domin tazarar da ke tsakanin zaburar ita kanta shaida ce. Bidiyo na sakan goma da aka ɗauka cikin duhun ɗaki, yaro yana goye a baya, ba ya raba gardama.

Cikin bidiyon an ƙirga zabura 23 a minti uku da rabi, dukkansu iri ɗaya, idanu suna kaucewa sama kaɗan a kowace. A nan ne ake ware abubuwan da ke kama da ita. Firgitar da jarirai ke yi idan sun ji ƙara ko an sauke su da sauri tana ɓacewa tsakanin wata huɗu zuwa shida, kuma sai an tsokano ta, ba ta zuwa a jere. Murɗar cikin jarirai tana tsananta wajen mako shida ta lafa kafin wata huɗu, kukan yana daɗewa, yaro kuma yana murmushinsa idan ta sake shi. Saboda haka murɗar cikin da aka ce ta fara a wata na biyar abar tuhuma ce tun daga ranar farko. Fizgar da wasu jarirai ke yi cikin barci tana tsayawa da zarar an tashe su, wannan kuwa tashin ne ke kawo ta. Banƙarewar da dawowar nono daga ciki ke jawowa tana bin bayan shayarwa. Akwai kuma wata zabura marar illa da ke kama da wannan ƙwarai, amma yaron yana girma daidai kuma EEG ɗinsa lafiya lau. Wannan ta ƙarshen ido ba ya raba su, sai na'ura.

EEG biyu, sakamako biyu

Da aka duba yadda aka yi awon farko, dalilan gazawarsa sun fito. Minti goma sha biyar aka ɗauka, yaro a farke yana tsala kuka. An shafa masa mai a kai da safe, wayoyin ba su kama fata ba. An bar ma'aunin girman layi yadda ake sa wa manya, maikurobolt 7 a kowace milimita, sai manyan igiyoyin suka hau kan juna, mai karantawa ya ɗauka motsi ne. Wanda ya karanta kuma da awon manya ya saba. Na'urar ba ta da laifi ko ɗaya.

An yi na biyu washegarin ganin bidiyon, kuma shirinsa ya fara daga gida. A wanke kan yaro da sabulu, kada a shafa basilin ko man kaɗanya ko wani mai. Idan mace ce a tsefe kitso. A tashe shi da wuri, a hana shi barcin hantsi, har a cikin Keke Napep a hanyar zuwa, a kuma jinkirta shayarwa kaɗan don ya sha nono bayan an gama maƙala wayoyi ya yi barci da kansa. Idan barcin ya ƙi, ana iya ba da melatonin ko chloral hydrate da izinin likita. Diazepam da danginsa ba a so, domin suna canja layukan suna iya ɓoye abin da ake nema.

Ana auna kai da tef daga gindin hanci zuwa tudun ƙeya, da daga kunne zuwa kunne, a raba bisa tsarin 10-20 a sa alama. Wayoyi 19 ne a kan kai, ban da na kwatance da na ƙasa. Sanya su da ido ba tare da awo ba yana kawo bambancin ƙarya tsakanin hagu da dama. Kowane wuri ana goge shi da man gogewa har tirjiyar fata ta sauka ƙasa da kilo'om 5. A jariri ana ƙara waya ɗaya a ƙirji don bugun zuciya, da biyu-biyu a kan tsokar kowace kafaɗa. Waɗannan na kafaɗa su ne ke nuna zaburar a rubuce, ko wadda ido bai kama ba.

Yanayin Zariya yana da nasa cikas. A zafin Maris da Afrilu gumi yana sa layuka su riƙa lilo a hankali kamar igiyoyin cuta, don haka sai an sanyaya ɗaki an share goshi. Wutar janareta da inbata mara kyakkyawar wayar ƙasa tana cika shafi da gurnani mai zagaye 50 a sakan. Matatar da ke cikin na'urar tana rage shi, amma gyaran gaskiya shi ne a cire cajar waya da fanka daga soket ɗin kusa, a sa kwamfutar ta yi aiki da batiri. Uwa mai jijjiga yaro ko bubbuga bayansa tana haifar da layuka masu tsari da za a iya karantawa a matsayin farfaɗiya, haka ma tsotson nono. Ma'aikacin da ya san aikinsa yana rubuta kowane irin wannan a daidai lokacin da ya faru, idan na'urar tana da kyamara kuma ya tabbatar tana kallon yaron.

An ɗauki minti 70: yana farke, yana gyangyaɗi, yana barci, sai aka tashe shi aka ci gaba da ɗauka na wasu mintuna goma sha biyar. Dalilin nacewa kan barci shi ne hargitsin da ake nema, wanda ake kira hifsaridimiya tun da likitan Amurka Frederic Gibbs da matarsa suka siffanta shi a 1952, ya fi bayyana a barcin da ba na mafarki ba. A barcin mafarki yana iya ɗaukewa, haka ma na ɗan lokaci bayan farkawa. A wannan yaro, da aka mai da ma'auni zuwa maikurobolt 30 a milimita, an ga igiyoyi masu tafiyar hawainiya da suka haura maikurobolt 300, babu tsari tsakanin ɓangarorin kai, ga layuka masu tsini suna fitowa daga wurare daban-daban, sun fi yawa ta wajen ƙeya. Minti huɗu bayan an tashe shi zaburar ta zo. Kowace ta fito da babbar igiya guda, layuka su kwanta na sakan biyu zuwa uku, wayoyin kafaɗa kuma su nuna tsokar ta ɗaure ta saki.

Tun 2022 ƙungiyar yaƙi da farfaɗiya ta duniya, ILAE, ta faɗaɗa ma'anar ciwon: jaririn da ke da irin wannan zabura da EEG mai nuna farfaɗiya yana ciki ko hifsaridimiyar ba ta cika ba. Wannan canji yana da amfani a aikace, domin ana rasa yara da yawa a wajen jiran cikakken hoton da ke littafi. Idan kuma awon da aka yi da kyau har da barci ya fito lafiya amma bidiyon yana da ƙarfi, a maimaita cikin mako ɗaya zuwa biyu.

Neman musabbabi

Zagayen kansa santimita 41, inda matsakaicin namiji ɗan wata bakwai yake wajen 44. An tuɓe shi tsaf aka duba fata, ana neman fararen tabo masu siffar ganye. Uku ko fiye, kowane ya kai milimita 5, suna nuni ga wata cutar gado mai sa ƙullutai a ƙwaƙwalwa da zuciya da ƙoda, tuberous sclerosis, wadda maganin zaburarta na farko daban ne. A baƙar fata tabon yana fitowa ko ba fitila ta musamman, sai dai ana ɗaukarsa ƙyasfi a wuce. Wannan yaro ba shi da ko ɗaya, ba shi kuma da kamannin ciwon Down. Ƙwayar idonsa lafiya, amma ba ya bin haske yadda ya kamata, abin da ke nuna matsalar ganin daga ƙwaƙwalwa take.

Hoton cikin ƙwaƙwalwa na MRI ya nuna tabo da tsukewa a bayan ƙwaƙwalwa ta ɓangarori biyu, wajen da ke sarrafa gani. Wannan shi ne sawun da faɗuwar sukari a kwanakin farko na haihuwa ta saba bari, kuma ya dace da tarihin da kuma EEG. Abubuwa uku game da MRI a wannan ciwo. Ba a jiran sa kafin a fara magani. Idan an yi shi bayan an fara sitiroyid, maganin da ake bayarwa a wannan ciwo, a sanar da mai karantawa, domin maganin yana sa ƙwaƙwalwa ta yi kamar ta tsuke na ɗan lokaci. Idan kuma ya fito lafiya a yaron da bai kai shekara biyu ba, ana maimaitawa bayan wata 24 zuwa 30, saboda wasu kurakuran halitta ba sa fitowa sai jijiyoyi sun gama yin rigarsu. Ɗan wata bakwai sai an sa shi barci kafin a shiga da shi, da azumin awa huɗu daga nonon uwa, a cire laya da guru da duk abin da ke da ƙarfe, a kuma auna sukarinsa kafin da bayan. Inda MRI ya gagara, hoton CT yana nuna manyan tabo da taruwar alli, kuma tunda maɗiga ba ta rufe ba ana iya leƙawa da na'urar sikanin. Gwajin ƙwayoyin gado, wanda ya ci gaba ƙwarai a shekarun nan, na yaran da tarihi da MRI ba su bayyana komai ba ne. A nan kashe kuɗi a kansa ɓarna ce.

Magani, da inda yake lalacewa

An janye carbamazepine, aka tsara rage phenobarbitone a hankali, aka fara prednisolone, wanda nau'in sitiroyid ne, a ranar da aka karanta EEG. Tsarin da binciken UKISS na Birtaniya ya yi amfani da shi, wanda aka wallafa a 2004, shi ne miligiram 10 sau huɗu a rana na kwana 14. Idan zabura ba ta tsaya ba a rana ta bakwai, a ƙara zuwa miligiram 20 sau uku. Bayan kwana 14, ga yaron da ba a ƙara masa ba, a sauko: 30 na kwana biyar, 20 na kwana biyar, 10 na kwana biyar. A wancan bincike kashi 73 cikin ɗari na yaran da suka samu prednisolone, ko allurar tetracosactide mai aiki irin nasa, sun daina zabura a mako biyu, kashi 54 kuma a waɗanda suka sha vigabatrin, wani maganin farfaɗiya. Binciken ICISS na 2017 ya nuna haɗa biyun ya kai kashi 72, sitiroyid kaɗai kashi 57. Vigabatrin shi ne na farko ga mai tuberous sclerosis, ana farawa da miligiram 50 a kowane kilo a rana a hau zuwa 100 ko 150, sai dai yana da tsada, samunsa da wuya, kuma yana iya rage faɗin gani idan an daɗe ana sha. Allurar tetracosactide tana buƙatar firji mai tsayayyen sanyi. Prednisolone kuwa yana kowane kantin magani, kuma wannan sa'a ce babba ga yaran wannan yanki.

Da ƙwayar miligiram 5, lissafin shi ne ƙwaya biyu sau huɗu, takwas a rana, 112 a mako biyu, 60 na saukowa, jimla 172. Ana daka su a dama da nonon da aka tatsa a cokali. A nan ake samun tangarɗa ta farko. Mai kantin magani ya ga ƙwaya takwas ga jariri ya ce kuskure ne, ya ba uban talatin ya ce a riƙa ba da ɗaya sau uku. Likitoci da dama ma suna rubuta miligiram 2 a kowane kilo yadda suka saba a wasu cututtuka, wato 14 ga wannan yaro a madadin 40, zabura ta ƙi tsayawa, a ce magani bai karɓe shi ba. Maganin wannan shi ne likita ya rubuta a jikin takardar cewa adadin da gangan ne, ya sa lambar da za a kira shi, ya kuma zana wa iyaye jadawalin kwana 29 da za su riƙa sa alama. Waɗannan adadi na likitan da ya tabbatar da ciwon ne kuma yake bin yaron, ba abin da za a saya a gwada a gida ba ne.

Kafin ƙwayar farko an tambayi ko akwai mai tarin da ya wuce mako biyu a gidan, aka duba tabon allurar BCG, aka ɗauki hoton ƙirji, domin sitiroyid mai yawa yana tayar da tarin fuka da ke kwance. An auna hawan jini da ɗamarar jarirai, wadda faɗinta ya kai kashi 40 cikin ɗari na zagayen damtse, yaro yana kwance shiru, tunda kuka yana ɗaga awon. Ana maimaita wannan da gwajin sukari a fitsari sau biyu a makon farko, sannan mako-mako. An gaya wa iyayen abin da za su gani don kada su tsorata: rigima, rashin barci, yawan neman nono, kumatu su ciko. An kuma gaya musu abin da ba a kwana da shi: zafin jiki ko kaɗan, numfashi sama-sama, amai, kasala, ko cuɗanya da mai ƙyanda ko ƙarambau. Gidan sauro kowane dare.

Zaburar ta ragu a rana ta uku, ta tsaya a ta biyar. A ta tara uban ya zo yana neman a daina, tunda yaro ya warke kuma ba ya barin kowa ya runtsa. Likitan ya ce masa: "Malam, abin da ake gani a jiki ne ya tsaya, na cikin kai sai awo ya nuna. Kuma wannan magani idan aka yanke shi rana ɗaya yana iya kayar da yaro." Gaskiyar maganar ke nan. Bayan kwanaki a kan adadi mai yawa jiki yana rage samar da kotisol, wato sitiroyid ɗin da yake yi da kansa, yankewa farat ɗaya kuma tana iya kawo faɗuwar hawan jini da sukari. An kira kakar ma aka yi mata bayani da girmamawa, domin ita ce mai faɗa a ji a kan jikanta, kuma ba a ce mata ta bar addu'a ba. An roƙe ta dai a bar hayaƙi da jiƙe-jiƙe. A rana ta 11 fararen tabon fangas sun fito a baki, aka ba da nystatin. A mako na uku masu ɗigon shan inna suka zo unguwar, uwar ta nuna musu takardar likita aka ɗaga masa, domin ɗigon baki rayayyar ƙwaya ce da ba a ba yaron da garkuwarsa take danne.

EEG na rana ta 14 ya nuna hifsaridimiya ta tafi, sai ragowar layuka masu tsini a wajen ƙeya. Ba a cewa magani ya ci sai abu biyu sun haɗu, zabura ta tsaya ta kuma yi mako huɗu ba ta dawo ba, awo kuma ya gyaru.

Horo

Daga ranar da aka ga bidiyon zuwa ƙwayar farko kwana biyu ne. Mako bakwai na baya sun tafi ne a hannun mutanen da ba a taɓa nuna musu wannan zabura ba, kuma nuna ta ba ya cin minti goma. A ganinmu ya kamata bidiyonta ya shiga horon duk wanda ke aikin awon jarirai da rigakafi, har da masu kemis, domin su ne ake fara zuwa wurinsu. An riga an gwada irin wannan hanya a nan: aikin bincike na BRIDGE, haɗin gwiwar Jami'ar Vanderbilt ta Amurka da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da abokan aikinsu, ya horar da ma'aikatan lafiya na matakin farko a cibiyoyi 60 a Kano da Kaduna da Zariya kan gano farfaɗiyar yara da kula da ita, da tambayoyin tantancewa cikin Hausa. Tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2022 yana neman kowace ƙasa ta ƙara yawan masu samun kulawar farfaɗiya da kashi 50 cikin ɗari kafin 2031, kuma ƙwararrun likitoci kaɗai ba za su iya ɗaukar wannan nauyi ba.

A mataki na sama, likitocin yara suna samun ƙwarewa a asibitoci irin na Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ƙarƙashin kwalejin ƙwarewar likitoci ta ƙasa da ta Afirka ta Yamma. Masu son zurfafawa a ƙwaƙwalwar yara wasunsu suna zuwa Jami'ar Cape Town a Afirka ta Kudu, akwai kuma kwas na yini ɗaya da ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwar yara ta Birtaniya ta tsara, PET1, wanda ake koyarwa a ƙasashen Afirka da dama. Giɓin da ya fi damunmu shi ne na ma'aikacin da ke maƙala wayoyi. Ana sayen na'ura, mai sayarwa ya nuna maɓallai na kwana biyu, shi ke nan. Na'urorin yanzu suna fitar da fayil a tsarin EDF da za a iya tura wa ƙwararre a wani gari ta intanet ya karanta a ranar, amma awon da aka ɗauka ba barci, kan yaro da mai, ba wanda zai iya gyara shi daga nesa. Iyaye da likitan da ya tura suna da haƙƙin tambaya kafin a biya kuɗi: minti nawa za a ɗauka, za a jira ya yi barci, wa zai karanta, ya saba da na jarirai?

Halin da yaron yake

Murmushi ya dawo a mako na uku. Yana wata goma sha biyu yana riƙe wuya, yana zama idan an tokare shi, yana bin abu mai launi mai ƙarfi idan an kawo kusa, amma yana bayan sa'o'insa sosai, kuma tabon da ke ƙwaƙwalwar ba ya gogewa. Yana zuwa sashen gashin ƙashi, an kuma koya wa uwar atisayen zama da na ido a gida. Allurar ƙyanda da ta shawara, da ya kamata ya karɓa a wata tara, rayayyu ne, ana jiran wata ɗaya zuwa uku bayan gama sitiroyid. Tunda lokacin ƙyanda ya gabato, likitan ya zaɓi wata ɗaya. Kusan kashi ɗaya cikin uku na yaran da zabura ta tsaya musu tana dawowa, da yawa kuma suna samun wani nau'in farfaɗiyar daga baya, don haka ana ganinsa duk wata uku, an kuma ce wa uwar ko sunkuyar da kai sau uku a jere ta gani ta ɗauka a waya ta zo a ranar. Cikin da take ɗauke da shi yanzu an rubuta mata a katin awo: haihuwa a asibiti, nono cikin awa ɗaya har da dakashi, jinkirta wanka zuwa awa 24, da auna sukarin jariri idan ya zo ƙasa da kilo 2.5.